Gwaggo Mai Kallon Rawar Rasha

Daga Allah muke, kuma Gwaggo ta riga mu komawa gare shi. Yayar mahaifina ce. Ta cika da hantsin wata Talata a wani asibiti a unguwar Harlem, nan Amurka, aka sallace ta a masallacin da ke bayan layinsu, maza suka wuce da ita maƙabarta can New Jersey, mu mata muka hau bene zuwa ɗakinta muka zauna karɓar gaisuwa. Na sha zaman makoki a garin nan, amma ban taɓa ganin wanda idanu suka bushe irin wannan ba. Babu wadda ta zubar da hawaye. Har ni da ta riƙe lokacin da na zo karatu.

Wata Hajiya 'yar Maraɗi mai sayar da atamfa ce ta fara buɗe baki. Ta shafa addu'a, ta gyara mayafi, ta ce, "Allah ya jiƙan ta, amma vraiment, gaskiya, harshenta reza ne. Ni ta taɓa cewa ina tafiya kamar jakin da aka ɗora wa firji." Aka ƙunshe dariya a cikin mayafai. Maƙwabciyarta 'yar zongon Kumasi, da Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Ei, ni in na gaishe shi, sai ya duba ƙafana tukuna kafin ya amsa." Wata daga bayan ɗaki ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasan da zai hana ni ji ba: "Tsohuwa da ita, ta ƙare rayuwa tana kallon cinyoyin Turawa. Allah ya sa mu cika da kyau."

Ana haka aka yi waya cewa malamai na tafe yin addu'a. Matar Baffana ta miƙe, ta bi bangon falon tana sauke hotunan da Gwaggo ta rataye: mata sanye da fararen kaya tsaye a kan yatsun ƙafa, maza a sama kamar an rataye su da zare. Ta zuba su a baƙar ledar shara, gilashi na karo da gilashi, ta tura bayan ƙofa da ƙafa. Ba wadda ta hana. Da aka gama, bangon ya rage da tabon wuraren da hotunan suka daɗe, ɗakin ya zama na kowa.

A zaunen nan na gane cewa nan gaba kaɗan abin da zai rage na Gwaggo shi ne "tsohuwar nan mai baƙar magana." Ba ƙarya ba ne. Amma ba shi ke nan ba, kuma in ban rubuta sauran ba, babu mai rubutawa.

Gwaggo 'yar Zariya ce. Tana budurwa aka ba ta gurbin karatun likita a Rasha, a zamanin da in mace ta je Kaduna ma sai an yi surutu. Ta dawo ta yi aiki a gida, ta yi aure bai daɗe ba, ba ta haihu ba, daga baya ta zo Amurka. A nan takardunta ba su ba ta damar duba marar lafiya ba, ta ƙare a ɗakin gwajin jini tana karɓar umarni daga yaran da ta isa ta haifa. Ba ta taɓa yin maganar wannan ba. Labari ɗaya take bayarwa game da Rasha: ranar da wata abokiyar ɗakinta ta ja ta zuwa kallon rawar bale, rawar nan da ake yi da kiɗa ba waƙa ba magana, mata na tafiya a kan tsinin yatsu.

"Aka ɗaga labule," in ji ta, "sai ga mata sun cika dandali, kowace da fari. Suka ɗaga hannu tare, suka sauke tare, har numfashi tare suke yi. Na kasa kunne in ji ƙarar ƙafa, babu. Na ce a raina waɗannan ba mutane ba ne. Da aka ce mini mutane ne, 'ya'yan talakawa ma, a ranar na san ɗan Adam yana iya yin abu daidai in ya so. Daga ranar ban ƙara yi wa kowa uzuri ba."

Kuma ba ta ƙara ba. Ni shaida ce.

In ta ji 'yan rawar Rasha sun shigo gari, ko an gayyato ɗaya daga cikinsu, Asabar ɗin nan ta rana tata ce. Za ta yi azahar da zarar lokaci ya shiga, ta sa leshi da mayafi da takalmi marar tsini, ta jefa ƙaramin tabaran hango nesa a jaka, mu gangara subway, jirgin ƙarƙashin ƙasa. A gidan rawar can sama take zama, kusa da rufi, ba don sauƙin tikiti ba. Ta ce daga nan ne ake ganin wadda ta kauce wa layi. Zuwana na farko, ni dai fuskokinsu nake kallo da kwalliyar. Ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, bar kallon fuska. Murmushin nan aiki ne. Dubi bayanta. Kin ga daga ina hannun ya taso?"

"Daga kafaɗa, Gwaggo."

"Makauniya. Daga tsakiyar baya. Na ƙasar nan da ƙafa suke rawa kamar masu tseren gudu. Na Rasha da baya suke yi, da wuya, ƙafa bi kawai take."

Da wani namiji ya yi tsalle ya tsallake rabin dandali, jama'a suka ɗauki tafi, ni ma na ɗaga hannu. Ta riƙe mini wuyan hannu. "Tsalle akuya ma tana yi. Saukar za ki saurara." Na saurara. Ya sake tashi, ya daɗe a sama fiye da yadda hankali zai ɗauka, ya sauka kamar an ajiye ɗankwali a kan katifa. Sai a lokacin ta sake ni.

Ita ta koya mini in ga abin da suke ɓoyewa. Ta ce a cikin takalman nan masu sheƙi farce yana fita, jini yana manne safa da fata, kuma gobe da safe za su koma su kama sandar atisaye da ke jikin bango su sake daga farko kamar 'yan aji ɗaya. "Shi ya sa nake ganin girmansu," ta ce. "Suna shan azaba, ba sa kawo maka ƙara." Wata rana wata yarinya ta zame ta faɗi a tsakiyar rawa, ta miƙe ta ci gaba, zauren ya goce da tafin ƙarfafa gwiwa. Gwaggo ta naɗe hannu a ƙirji. "A tafa mata don ta faɗi? To gobe ma sai ta faɗi."

Sau ɗaya na ga hawayenta. Wata siririyar mata 'yar Rasha, ba yarinya ba, ta tsaya a kan yatsan ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar a miƙe a bayanta, abokin rawarta ya sakar mata hannu ya ja da baya. Ta tsaya. Kiɗa na tafiya, ita ko gezau, har na ji ƙirjina ya cika don na manta da numfashi. Na juya, sai ga ruwa yana bin kumatun Gwaggo. Matar da aka yi wa waya cewa ƙaninta, mahaifina, ya rasu, ta ce "Allah ya jiƙan sa" ta koma ta sauke tukunya. Ta lura ina kallon ta, ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi baƙi. "Dandali yana gaba," ta ce.

Rigimarta da Baffa, autansu, a gidan suna aka yi ta a Park Hill. Baffa direba ne, a filin jirgin JFK yake jiran fasinja, mutum mai sanyin hali da son a zauna lafiya. Wasu ne suka zuga shi. A gaban jama'a ya rusuna ya ce, "Yaya, da girmanki, da Hajjinki, wannan kallon tsiraicin bai dace da ke ba. Mutane na magana."

Gwaggo ta ajiye cokali. "Auta, kai da ka kwashe rayuwarka a zaune cikin mota kana jiran a fito a yafito ka, har tumbi ya raba ka da ganin yatsun ƙafarka, kai ne za ka yi mini wa'azin jiki? Yarinyar da nake kallo ta fi ka sanin amanar jikin da Allah ya ba ta. In ka iya yin ruku'u ba ka yi nishi ba, ka dawo mu yi magana."

Surukansa na wurin, 'ya'yansa na wurin. Ya miƙe bai ci abincin ba. Suka daina magana, Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama Baffa. Da aka sallamo shi yana jan ƙafar hagu, Gwaggo ta bayyana a ƙofarsu ranar Lahadi, ba sallama mai daɗi ba, ba sannu. Da ciwon gwiwarta ta shiga subway, ta hau jirgin ruwa, ta hau bas. Ta sa aka kawar da kujerun falo, ta tsayar da shi ya kama bayan kujera ɗaya. "Ɗaga. Na ce ɗaga, ba ja ba. Haka za ka tafi masallaci kamar ana jan buhun gawayi?" Tana tafa hannu tana ƙirga da Rashanci, shi yana gumi yana roƙo. "Yaya, don Allah, na gaji." "Gajiya ta masu rai ce, kai ai rabinka ya mutu. Ɗaga." Babban mutum ya yi kuka a gaban 'ya'yansa, ita ko ba ta fasa zuwa ba, kowace Lahadi, har ya taka da ƙafarsa ya je Juma'a ba sanda. Ranar da aka dawo daga binne Gwaggo ya ja ni gefe a matakala ya ce, "Ita ta tayar da ni, ban musa ba. Amma har yau in na ji an tafa hannu gabana faɗuwa yake. Na yafe mata don Allah, ba don ita ba."

Abin da ya fi mini nauyi shi ne na 'yata. Sunan Gwaggo na sa mata, don haka Gwaggo "takwara" take kiran ta, ita kuma ta ce "Kaka." Tana 'yar firamare Gwaggo ta fara tafiya da ita kallo, yarinya ta dawo gida tana yawo a kan yatsu daga kicin zuwa bayi. Gwaggo da kanta ta nemo wata tsohuwar malama 'yar Rasha a Brooklyn, ta tsaya ta yi ciniki da ita da harshensu, ta shawo kan mijina da ya ƙi, ba da lallashi ba, da gori. Ita ke kai ta, ita ke ɗauko ta. Ita ke ɗinke mata igiyoyin takalmi, ita ta fara wanke mata yatsu da ruwan gishiri ranar da suka fashe. A shekarun nan ban taɓa ganin mutum biyu da suka shaƙu kamar su ba. 'Yata da ke amsa mana da Turanci, da Kakarta Hausa take yi, don Gwaggo ta ce ba ta jin Turancin yara.

Da ta kai shekarun da ake tantance masu ci gaba, makarantar ta shirya wasan ƙarshen shekara a wani ƙaramin zaure, aka ba ta rawa ita kaɗai. Muka je har da mijina, har da Baffa da sabuwar tafiyarsa. Ta yi rawa. Ni uwa ce, ba zan iya auna ta ba, na dai san zauren ya tashi tsaye, malamar ta rungume ta. Ta fito waje da furanni a hannu, kwalliya a fuska, tana neman fuska ɗaya a cikin mutane.

"Kaka, kin gani?"

"Na gani," in ji Gwaggo. Muna tsaye a bakin titi, rana ba ta faɗi ba, iyayen wasu yara na wucewa. "Kin yi ƙoƙari, ƙoƙari kuwa shi ne abin da ake faɗa wa wanda ba shi da abin. Ba ki da shi, takwara. Ƙugunki na gidanmu ne, zai ƙara buɗewa. Tafin ƙafarki a shimfiɗe yake kamar faranti. In kin sauka, har layin baya ana ji. Na daɗe ina jira ko zai zo, bai zo ba, ba kuma zai zo ba. Ki koma ki kama littafi."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta miƙa mini furannin, ta shiga mota.

Washegari na je Harlem ban ko karya ba. Na tarar da ita tana yankan albasa.

"Gwaggo, yarinya ce fa. A ranar farin cikinta, a gaban mutane?"

"Yaushe kike so in faɗa? Bayan ta zubar da ƙuruciyarta?"

"Ai ba sai ta zama irin na Rasha ba. Tana so, tana jin daɗi."

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi saɓo. "Jin daɗi? Ki kai ta gidan biki ta yi rawar kalangu in jin daɗi take nema. Wannan abin ba a yin sa rabi. Gara ta ji daga bakina da Hausa da ta ji daga bakin Bature da murmushi."

"Ki kira ta ki ba ta haƙuri, ko sau ɗaya."

"Haƙurin me? Ni na yi mata ƙafar?"

'Yata ba ta ƙara sa takalman ba. Ta daina cin abincin kirki har sai da muka kai ta wurin likita, muka sha fama kafin ta dawo hayyacinta. Ta daina zuwa Harlem. Ta daina Hausa gaba ɗaya; in na yi mata magana sai ta ce da Turanci ba ta gane ba. Gwaggo ta san duk wannan, don na gaya mata. Abin da ta ce kawai, "Za ta warke." Kuma Asabar ta gaba ta tafi kallonta.

Bayan wasu shekaru idon Gwaggo ya fara mutuwa. Da farko gefe-gefe, daga baya ya rage haske da inuwa kawai, gwiwa kuma ta zaunar da ita a keken guragu. Duk da haka da ta ji 'yan Rasha sun zo sai ta ce in kai ta. Na kai ta, na zauna kusa da ita ina raɗa mata abin da ake yi. "Ta juya. Ta sake juyawa. Ya ɗaga ta." Ta yi tsaki. "Rufe mini baki. Ke ko gobara kika gani haka za ki ce, 'ta kama.' Takwara ce kaɗai ke da ido a gidan nan. Ki kawo mini ita."

Ba ta ce "don Allah" ba, amma ni na san wannan shi ne roƙo mafi girma da ta taɓa yi. Na yi ta lallashin 'yata, lokacin tana shirin shiga jami'a. Ta ƙi, ta ƙi, rannan sai ta ce to. Na yi murna, na ɗauka zuciyarta ce ta yi sanyi.

Muka zauna, Gwaggo a tsakiya. Kiɗa ya tashi. Ranar Allah ya kawo wata 'yar rawa da ni kaina, da ƙaramin idona, na san ba a saba ganin irinta ba. In ta ratsa dandali sai ka rantse ƙasa ce ke tafiya da ita. Gwaggo ta karkata wajen yarinyar. "Takwara, me take yi?" Shiru. Can ta sake, "Hannun fa? Ya kai?" Shiru. Zauren ya yi wani irin jan numfashi gaba ɗaya, Gwaggo ta laluba ta kama hannun yarinyar. "Mene ne? Me ya faru?" Yarinyar ta zare hannunta a hankali ta ɗora a cinyarta, idonta a kan dandali. Haka aka yi har aka sauke labule. Tsohuwa na juya kai dama da hagu tana bin ƙarar tafi.

A waje, muna jiran mota, 'yata ta durƙusa a gaban keken kamar mai gaisuwa. Da Hausa ta yi magana, tsaf, Hausar da na yi shekaru ban ji a bakinta ba.

"Kaka, na ga komai. Matar nan ta yi abin da ke ma ba ki taɓa gani ba, har a Rasha. Na san sunan kowane taku. Ba zan gaya miki ba."

Na ɗaga hannu zan mare ta, Gwaggo ta ce, "Bar ta." Ta gyara mayafinta da kyau, ta ce in tura ta, iska na damun ta. Muka shiga mota. Ta juya fuska wajen tagar da ba ta ganin komai a cikinta har muka isa Harlem.

Ba ta ƙara cewa a kai ta kallo ba. Ba ta ƙara ambaton yarinyar ba. Da sanyi ya shigo ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Ina gefenta a kwanakin ƙarshe. Ta yi salati, ta yi wa nas faɗa a kan yadda take jan takalmi a ƙasa, ta ce in gaya wa Auta ya rage cin mai. Shi ke nan wasiyyarta.

'Yata ba ta zo ba sai ranar addu'ar uku. Ta shigo da hijabi, ta gaishe da manya yadda ya kamata, ta bi ni kicin inda nake zuba wa baƙi shinkafa. Ta daɗe a tsaye tana murza bakin hijabin.

"Mama," ta ce, "kafin ta rasu, ta ce wani abu a kaina?"

Na so in yi mata ƙarya. Kalma ɗaya ta isa, kuma babu mai ƙaryata ni. Amma a kicin ɗin Gwaggo nake tsaye, bakina ya ƙi.

"Ba ta ce ba," na ce.

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki tiren, ta kai wa baƙi.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci. Ya Ubangiji, ta kasance mai tsananin duba. Kada ka dube ta da irin idon da ta dubi bayinka.